Shin Ko Kun San Abin Da Bahaushe Yake Sha Bayan Ruwa?

Shin ko kun san cewa kalmar "sha", ƴar ƙarama haka, ita ke ɗauke da yawancin abin da ya taɓa samun mutum a rayuwa? Ana shan wahala, ana shan wuya, ana shan duka, ana shan rana a gona, ana shan kunya a gaban surukai. Wanda ya kuɓuta daga haɗari kuma, an ce ya sha da ƙyar.

Ku lura da wannan: abin da ake "sha" galibi ba mutum ne ya neme shi ba, zuwa ya yi ya ratsa shi. Abin da ya yi galaba a kai kuwa, "ci" yake yi. Ɗan takara ya ci zaɓe, abokin hamayyarsa ya sha kaye. Ɗan dambe ya ci wasa, ɗayan ya sha kashi. Ba doka ce marar togaciya ba, don ana cewa ɓarawo ya ci duka, amma tsarin a fili yake. Masana biyu, Philip Jaggar na makarantar SOAS da ke Landan da Malami Buba, sun wallafa nazari a kan wannan bambanci a shekarar 2009.

Ba masifa kaɗai ake sha ba. Ana shan iska da yamma, ana shan kallo ranar hawan sallah, amarya ta sha kwalliya, yara su sha dariya.

Abin da ya fi burge ni shi ne idan "sha" ta gabaci wani aiki, sai ta koma nuna yawan faruwa. Dattijo ya ce, "Na sha ganin irin wannan," ko uwa ta ce, "Na sha gaya maka, ɗan nan." Shekaru ne cur a dunƙule cikin gaɓa ɗaya, kuma wanda ya faɗi haka ya cancanci a saurare shi.

Shayi fa? Ba daga "sha" ya fito ba, duk da kamar da suka yi. Aro ne daga Larabci.

Mai karatu, ka kasa kunne a kasuwa ko a tasha gobe, ka ji sau nawa kalmar za ta fito daga bakin mutane ba tare da ko kofi a hannunsu ba.