Rana Tana Dafa Ruwa Kyauta, Mu Kuma Muna Ƙona Yunit

Duk wanda ya haye gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya ɗaga kai ya dubi rufin gidajen Barnawa da Narayi da Kakuri da Sabon Tasha har zuwa Gonin Gora, abubuwa biyu ne za su fi cika masa ido. Na farko shi ne baƙin tankin roba da ke tsaye bisa dogayen ƙafafun ƙarfe, shaidar cewa mazauna gidan sun daɗe da fitar da rai ga ruwan famfo sun koma ga rijiyar burtsatse. Na biyu kuwa farantan sola ne, waɗanda suka yawaita tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, janareto ya koma kayan ado a gidaje da dama. Abin da da wuya mutum ya hango shi ne na'urar da ke haɗa waɗannan biyun, wato wadda take karɓar ruwan tankin ta miƙa wa rana ta dafa shi. Ga ruwa a sama, ga rana a sama, amma da asuba uwar gida tana ƙasa tana fifita gawayi don yara su sami ruwan wanka kafin su tafi makaranta. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Bari in fara da lissafi, domin shi ne sana'ata, kuma shi nakan ba ɗalibaina a makon farko. Kafin a ɗaga zafin ruwa lita 100 daga digiri 20 zuwa digiri 60, sai an ci wutar lantarki kusan yunit 4.7. Wannan dokar halitta ce, ba ta da alaƙa da ingancin hita ko tsadarta. Lita 100 mai wannan zafi, idan aka sirka da ruwan sanyi, ita ce za ta wadatar da gida mai mutum shida ko bakwai a safiyar hunturu. To, a watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga 'yan Rukunin A zuwa Naira 225, daga baya ya sauko, ya tsaya a kan Naira 209.5 a watan Yulin shekarar. A wannan farashi, ruwan wankan gidan nan yana cin kusan Naira dubu ɗaya kowace safiya, kusan dubu talatin a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira dubu saba'in. Waɗanda ba sa cikin Rukunin A suna biyan ƙasa da haka, amma su kuma wutar ba ta zuwa a lokacin da ake bukatarta, sai a koma ga gas ko gawayi ko itace, kowanne da irin nasa cizon.

Yanzu a dubi ɗaya ɓangaren. A yankinmu na Kaduna, kowace murabba'in mita ɗaya ta rufin gida tana karɓar ƙarfin rana da ya kai kimanin yunit biyar a yini, idan aka ɗauki matsakaicin shekara. Farantin sola mai ba da lantarki yana iya cafke kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na wannan ƙarfi, sauran ya tafi a zafi. Na'urar dumama ruwa kuwa zafin take nema tun asali, don haka tana riƙe rabi ko fiye. Ma'ana, faffaɗan akwati mai murabba'in mita biyu, wanda bai fi girman ƙofar ɗaki ba, zai iya dafa waccan lita 100 ɗin a yini guda. Kafin farantan lantarki su yi wannan aiki sai an shimfiɗa ninki biyu da rabi na wannan fili, a ƙara da inbata, a ƙara da batir. Na ga maƙwabcin da ya kashe kuɗi masu kauri ya haɗa sola, amma kullum kafin gari ya waye batirinsa ya mutu, saboda ana jona masa hita da ƙarfe biyar na asuba. Ya juya hasken rana zuwa lantarki, ya adana a batir mai tsada, sannan ya sake juya shi zuwa zafi. Zafin da rana ta kawo masa har kan rufi tun jiya da tsakar rana.

Yadda na'urar take aiki ba wani sihiri ba ne, duk wanda ya taɓa buɗe famfon baƙin tankinsa da la'asar a watan Maris ya riga ya ga rabin abin. Akwati ne mara zurfi, a cikinsa akwai farantin ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti, an jera bututun jan ƙarfe a jikinsa, an rufe samansa da gilashi, an cusa abin hana fitar zafi a ƙasa da gefe. Rana ta ratsa gilashin ta gasa farantin, farantin ya gasa ruwan da ke cikin bututun. Da yake ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, sai ya hau da kansa zuwa wani tanki da aka ɗora sama da akwatin, na sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Haka za su yi ta zagayawa har rana ta faɗi, babu inji, babu waya, babu batir. Sirrin duka yana ga tankin: an naɗe shi da abin riƙe zafi kamar fulas ɗin shayi, shi ya sa ruwan da ya dahu da azahar yake kwana da zafinsa har asuba. Akwai kuma nau'i na biyu mai dogayen bututun gilashi da aka zuƙe iskar cikinsu, wanda galibi daga Sin ake shigo da shi. Ya fi riƙe zafi, amma ya fi saurin fashewa, kuma idan bututu ɗaya ya fashe sai an nemo irinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Amurka wani mai suna Clarence Kemp ya yi wa irinta rajista ya fara sayarwa tun 1891, to amma ba sai mun je can ba. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, masanin kimiyyar fiziya wanda Jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa a yau, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ƙasarsa daga 1969 zuwa 1985, kuma a zamaninsa aka riƙa ƙera na'urorin dumama ruwa a Yamai ana girka wa gidaje. A nan gida, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ta shafe shekaru tana ƙera irin waɗannan na'urori tare da murhun rana da na'urar busar da amfanin gona. A sassan injiniya na jami'o'inmu da kwalejojin fasaha kuwa, kusan babu shekarar da wani ɗalibi ba ya ƙera ɗaya a matsayin aikin kammala karatu. A ba shi maki, a ɗauki hoto, a jingine ta a bayan ɗakin gwaji ƙura ta binne ta. Mu malamai mun san inda suke jibge. A Kubrus, tsibirin da bai kai mu samun rana a lokacin sanyinsa ba, kusan kowane gida yana da ita a kan rufi.

To me ya hana ta shiga gidajenmu? Amsar da aka fi bayarwa ita ce tsada, kuma gaskiya ce, domin ta shigowa takan kai dubban ɗaruruwan Naira, kuma da ruwan ciki akan ja na rijiya. Sai dai ni ina ganin akwai abin da ya fi tsada nauyi, wato yadda muke zama da yadda muke wanka. An tsara na'urar ne don gidan da mai shi yake zaune a ciki, mai bututun ruwan zafi a cikin bango da shawa a banɗaki. Mafi yawan mazauna Kakuri da Nasarawa da Television da Unguwar Romi 'yan haya ne, da yawa a gidajen da ɗakuna ke fuskantar juna, banɗaki ɗaya ko biyu ga kowa, wanka kuma da bokiti. Ɗan haya ba zai girka abu a rufin da ba nasa ba, alhali ana iya ba shi takardar tashi baɗi. Mai gida kuma ba zai kashe kuɗi don rage wa wani kuɗin gawayi ba. A tsakanin su biyun ne rana take faɗuwa kullum ba a amfana da ita ba.

Mafita a wurina ita ce a daina tunanin shawa, a yi tunanin bokiti. Gidan haya mai ɗakuna takwas ba ya bukatar a fasa bangonsa. Abin da yake bukata shi ne akwati biyu ko uku a gindin tankin da ya riga ya mallaka, da tanki mai riƙe zafi, da famfo guda ɗaya a tsakar gida inda kowa zai tara bokitinsa. Yadda masu gidaje suka koyi cewa gida mai burtsatse ya fi saurin samun ɗan haya, haka za su koyi wannan idan suka gani a gidan wani. Kayan aikin kuwa duk akwai su a garin nan: farantin ƙarfe, gilashi, bututu, fenti. Masu walda da maƙeran Panteka sun ƙera abin da ya fi wannan wuya. Kakuri kanta, wadda ta ɗauki masaƙar KTL tun 1957 da UNTL da sauransu kafin su durƙushe, cike take da tsofaffin ma'aikatan da suka yi rayuwarsu a gaban tukunyar tururi da bututun ruwan zafi. Abin da ya rage shi ne ma'auni ɗaya ingantacce daga masana, wanda maƙeri zai bi ba tare da ya yi ƙiyasi ba.

Akwai wani gida da bukatarsa ta fi ta kowa, shi ne gidan da aka yi haihuwa. Wankan jego safe da yamma har kwana arba'in yana cin itace mai yawan gaske, kuma duk magidancin da ya taɓa sayen itacen wanka ya san nauyinsa. Mai jego da jaririnta su ne kuma suke shaƙar hayaƙin. Ba ina kira a ƙara wa ruwan zafi ba ne, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta da yawan kunun kanwa. Ruwa mai ɗumi daidai jiki, wanda ba a ƙona komai kafin a same shi ba, ya fi alheri ta kowace fuska. Ɗakunan haihuwa na asibitocin unguwanni da makarantun kwana su ne wuraren da ya dace a fara da su.

Ba zan ɓoye wa mai karatu aibunta ba. Lokacin da aka fi son ruwan zafi, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da hazo ke rage kaifin rana, ƙura kuma ta lulluɓe gilashin. Wanda ba zai iya goge shi duk bayan kwana biyu ko uku ba, kada ya zargi na'urar. A watan Agusta kuma, sa'ad da hadari kan yi kwanaki bai yaye ba, ruwan zai tsaya a ɗumi kawai, dole a taimaka masa da wuta. Ruwan wasu rijiyoyin yana barin farin dasashi a cikin bututu, ya toshe shi a hankali. Mafi haɗari, a watannin Maris da Afrilu ruwan yana iya kaiwa ga tafasa, musamman a nau'in bututun gilashi, don haka dole a sa masa mashaƙar fitar da tururi, a kuma ɗaga famfon inda hannun yaro ba zai kai ba. Wajen girkawa, Kaduna tana kimanin digiri goma da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, kuma da hunturu rana tana karkata kudu, saboda haka akwatin ya fuskanci kudu, a ɗan jingine shi kamar digiri 15 zuwa 20, kada inuwar tanki ko ta mangwaro ta faɗa masa. Na sha ganin farantan sola a Barnawa suna kallon duk inda rufi ya kalla, ba tare da an tambayi inda rana take bi ba.

Wasu abokan aikina suna ganin doka ce maganin abin, a tilasta wa duk mai sabon gini ya girka. Ban goyi bayan haka ba. Kenya ta gwada a 2012, ta wajabta wa duk ginin da ke shan ruwan zafi fiye da lita 100 a yini, da tara mai nauyi ga wanda ya ƙi. Masu gidaje suka yi ca, majalisar ƙasar ta soke dokar a 2018. A wurinmu irin wannan doka za ta zama wata sabuwar ƙofar karɓar na goro ne kawai. Abin da hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, za ta iya yi ya fi haka sauƙi: ta riƙa neman a nuna layin bututun ruwan zafi a zanen kowane sabon gida kafin ta sa hannu, ko da mai ginin bai shirya sayen na'urar ba. Unguwannin da ke bayan Sabon Tasha da Gonin Gora yanzu ake gina su. Bututu na biyu a cikin bangon da ba a yi wa filasta ba ƙaramin kuɗi ne, amma bayan an manna tayil sai an fasa banɗakin gaba ɗaya kafin a shigar da shi.