Kafin Ka Biya Kuɗin Laftof, Tambayi Injin Da Kansa

Yawancin masu sayen laftof ta hannu, sitikar da ke manne kusa da madannai suke dubawa. Da sun ga Core i7 sai hankali ya kwanta, a shiga ciniki. To amma sitika ana ɓamɓare ta a liƙa wata, kuma ko ta gaskiya ce ba ta nuna shekarun injin. Akwai i7 na laftof da Intel ya fitar tun 2011, wanda i5 na 2017 ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Mai shago kuwa ba lallai ya gaya maka ba, wani ma shi kansa bai sani ba.

Mafita ita ce ka sa kwamfutar ta faɗi irin firosesan da ke cikinta, wato ƙwaƙwalwarta, tun kana tsaye a shagon. In Windows ce, danna maɓallin Windows da harafin R tare, rubuta powershell, ka danna Enter. A tagar da ta buɗe rubuta Get-CimInstance Win32_Processor. Cikakken suna zai fito, misali i5-8250U. Lambar farko bayan karan tsakiya ita ce zubin: wannan zubi na 8 ne, i5-6300U kuma na 6. Daga zubi na 10 lambobi biyu ake karantawa, kamar i5-10210U.

Wannan ba ƙaƙale ba ne. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma galibi daga zubi na 8 na Intel take karɓa. Wanda ya sayi na 6 yau ya sayi abin da aka riga aka wuce, don haka ko zai saya, sai a yi masa ragi.

Sai batun ginin firosesan. Buɗe tagar cmd kamar yadda ka buɗe powershell, ka rubuta echo %PROCESSOR_ARCHITECTURE%. In ka ga AMD64, Windows mai bit 64 ce, ko da injin na Intel ne. Kamfanin AMD ne ya fara fitar da tsarin a 2003, sunan ya bi shi. In x86 ta fito, mai bit 32 aka saka, wadda ba ta iya amfani da fiye da gigabait 4 na RAM. Ka biya kuɗin 8, rabi na kwance a banza.

Masu Linux sun fi kowa hutawa. Umarni guda, lscpu, zai jero komai: gini, suna, yawan kwa (cores), da layin CPU op-mode(s) mai nuna ko injin na iya ɗaukar bit 64. A Mac, uname -m kan ba da arm64 ga masu M1 na 2020 da na bayansu, x86_64 kuma ga tsofaffin masu Intel. Da wannan amsar ake zaɓen manhajar da za a sauke, kada data ta ƙare a kan wadda ba za ta buɗe ba.

Duk umarnan nan karantawa kawai suke yi, ba sa canza komai. Amma tagar da ke karɓarsu tana karɓar umarnin goge fayiloli ma, saboda haka kada ka kwafo wani dogon rubutu daga WhatsApp ka liƙa a ciki don an ce yana ƙara wa kwamfuta sauri. Mai shagon da ya hana ka minti biyu na dubawa kuwa, riƙe kuɗinka ka leƙa shago na gaba.