Columbo: Ɗan Sandan Cikin Da Ba Ya Yawo Da Bindiga

A yawancin finafinan 'yan sanda, sai an kusa tashi ake sanin wanda ya yi laifin. A shirin Columbo kuwa, tun daga farko za a nuna muku mai laifin, ku ga yadda ya kitsa abin, ya aikata, ya share sawunsa, ya koma gida ya yi kwanciyarsa. Bayan haka ne wata tsohuwar mota za ta tsaya a ƙofar gidan, wani gajeren mutum ya fito cikin yamutsattsiyar rigar ruwa, yana lalube aljihu yana neman fensir. Wannan shi ne Laftanar Columbo na rundunar 'yan sandan birnin Los Anjeles da ke Amurka. Daga nan abin da mai kallo ke jira ɗaya ne: ta ina wannan bawan Allah zai kama bakin zaren?

Shirin ya girmi iyayen da yawa daga cikinku. An fara nuna Peter Falk a matsayin Columbo a 1968, shirin ya kankama a tashar NBC daga 1971 zuwa 1978, sannan tashar ABC ta dawo da shi daga 1989 har 2003. Duka-duka kashi 69 aka yi. Richard Levinson da William Link ne suka ƙirƙiro shi, kuma wanda ya ba da umarni a kashin farko na zangon farko a 1971 wani saurayi ne mai suna Steven Spielberg, wanda daga baya sunansa ya cika duniyar fim. Falk ya rasu a 2011, amma har yau ana maimaita shirin a ƙasashe da dama.

Idan kun gan shi a hanya ba za ku ce masa jarumi ba. Idonsa ɗaya na roba ne, domin an cire wa Falk idon dama tun yana ɗan shekara 3 saboda cutar daji. Motarsa Peugeot 403 ce, wato yayar Fijo 404 da 504 ɗin da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kuma ta sha jiki. Kullum yana zancen matarsa, amma ba a taɓa nuna ta ba. Ba ya yawo da bindiga, ba ya dukan kowa. Waɗanda yake bincike a kansu kuma manya ne: likitoci, attajirai, 'yan siyasa, fitattun marubuta. Suna yi masa kallon ɗan ƙauye, shi kuma ya bar su a haka. Sai ya yi sallama, ya kai bakin ƙofa, ya sosa ƙeya, ya juyo ya ce af, saura ɗan abu ɗaya. A wannan ɗan abu ɗayan ne asiri ke tonuwa.

A wani kashi na 1974, mai gidajen motsa jiki ya kashe abokin kasuwancinsa, ya sa wa gawar kayan atisaye, ya ɗora mata ƙarfe a wuya don a ce hatsari ne. Kowa ya yarda. Columbo sai ya tsaya a kan igiyar takalmin mamacin. Idan mutum ya ɗaura wa kansa takalmi, ƙullin yana kwantawa ta fuska ɗaya, idan kuwa wani ne ya durƙusa a gabansa ya ɗaura masa, sai ƙullin ya juya. Na mamacin a juye yake. Ku gwada da takalmin abokinku lokacin tara, za ku gani da idonku.

Wanda ya fi burge mu shi ne kashin da mai laifin ya kasance ubangidan Columbo ne a wurin aiki, mataimakin kwamishinan 'yan sanda. Ya kashe matarsa, yana neman ɗora laifin a kan wani tsohon ɓarawo. Columbo ya canza adireshin ɓarawon a cikin fayil, ya bar fayil ɗin inda maigidan zai gani. Maigida ya lallaɓa ya ɓoye kayan ado a gidan, ya zo da 'yan sanda a yi bincike, aka kuwa samu. Ashe ɗakin Columbo ne ya kama haya, kuma babu wanda ya ga wannan adireshi sai mutum ɗaya. Duk wanda ya taso yana jin labarin alƙalin nan da ya raba wa waɗanda ake tuhuma sanduna, ya ce ta ɓarawo za ta ƙara tsawo kafin safiya, ɓarawo ya je ya datse tasa, zai gane wannan dabara. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Akwai kuma tsarin shirin. Kowane kashi labari ne mai cin gashin kansa, yana farawa ya ƙare cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna zuwa sa'a ɗaya da rabi. Masu bin Daɗin Kowa ko Labarina sun san zafin a ɗauke wuta ranar da ake nuna sabon kashi: mako mai zuwa sai ka yi ta tambaya wa ya auri wa. Ɗalibanmu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sun fi kowa sanin wannan matsala. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan uku, aka yi watanni babu sabis, balle intanet. Abin da ke cikin memori, wanda aka turo a shagon caji, shi ne abin kallo. A irin wannan hali, shirin da za ka ɗauki kowane kashi ka kalla ba tare da ka ga na baya ba ya fi dacewa. Haka ma CID na Indiya yake, wanda aka fara a 1998 aka yi fiye da kashi 1,500, sai dai can ana ɓalla ƙofa ana marin mai laifi kafin ya amsa. Mu dai mun fi son mai rigar ruwa.

Dalilinmu yana da alaƙa da inda muke zaune. Babu ɗalibin yankin nan da ya manta daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Inda aka daɗe ana fama da 'yan bindiga, zargi yakan yi arha. Kalma ɗaya, "infoma", ta isa ta jawo wa mutum duka ko abin da ya fi duka, wani lokaci don kawai an ga ya yi sabuwar waya. A aji ma haka ne: biro ya ɓace, sai idanu su koma kan wanda ba a so. Columbo yakan zargi mutuminsa tun ganin farko, amma ba ya kama shi sai ya riƙe hujjar da ba ta da makawa, ko da hakan zai sa ya koma gidan sau goma. Abin da kuke karantawa a darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa ke nan: sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar.

Ba muna cewa shirin hoton rayuwa ba ne. Masu laifin Columbo mutum ɗaya ne a cikin katafaren gida, yawanci kuma da an ƙure shi sai ya miƙa wuya cikin ladabi. Dajin da ke bayan Faskari ba haka yake ba, kuma wasu hujjojin nasa da wuya su tsaya a gaban lauya mai wayo. Wasu kashin na bayan 1989 ma sun yi tsawo ba dalili. Idan za ku nema, ku fara da na shekarun 1970. Turancinsu a hankali yake, babu zubar da jini sosai, kuma zai taimaka wa kunnen mai shirin jarrabawar WAEC ko NECO.

A birnin Budafes na ƙasar Hangari, tun 2014 akwai mutum-mutumin Columbo a bakin titi, yana sosa kai, karensa yana zaune a gabansa. Karen nan bai taɓa samun suna a shirin ba. Columbo ya yi ta neman wanda zai dace da shi, ya rasa, ya ci gaba da kiran sa Kare.