Haɗa Katin Gaisuwa da Hannu: Hatimi da Fentin Ruwa

Gabatarwa

Duk wanda ya yi makarantar kwana kafin wayar salula ta zama ruwan dare ya san darajar katin gaisuwa. Idan Sallah ta gabato, ko jarrabawar fita ta matso, za ka ga katuna jere a shagunan littattafai, ɗalibai na zaɓa suna aika wa iyaye da abokai. Tun da wayar salula ta bazu a Nijeriya daga shekarar 2001, saƙon tes ya fara cinye wannan kasuwa, daga baya WhatsApp ya zo ya ƙarasa ta. Yau hoto ɗaya ne yake zagaya ɗaruruwan mutane ranar Sallah, kowa ya tura wa na gaba ba tare da ya ƙara ko harafi ba.

Ko a wancan lokaci da kati ke tashe, akwai abin da ya kamata ya dami ɗalibin Hausa. Yawancin katunan da Turanci aka rubuta su, hotunan da ke kansu kuma na furanni ne da gidajen wata ƙasa. Idan an dace an sami na Hausa, sau da yawa injin bugu ya zubar da ƙugiyar haruffa, sai "Allah ya ƙara lafiya" ya koma maganar kara. Wannan ɗan rubutu zai yi ƙoƙarin nuna yadda mutum zai haɗa katinsa da hannunsa, da harshensa, ta amfani da hatimi da fentin ruwa. Zan ɗauki misalaina daga garinmu Gawu Babangida, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gurara a Jihar Neja, da maƙwabciyarmu Suleja.

Daga Ina Abin Ya Samo Asali?

Katin gaisuwa na sayarwa irin wanda muka sani ya fara ne a Ingila a shekarar 1843, lokacin da wani ma'aikacin gwamnati mai suna Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa katin Kirsimeti. An buga guda 1,000, kuma da hannu aka shafa wa kowane ɗaya launi. Ashe ke nan tun ranar farko aikin hannu yana cikin sana'ar.

Mu ma a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne wajen ƙawata rubutu domin murna. Idan almajiri ya sauke Alƙur'ani, akan yi masa allon zayyana, a kewaye rubutun da zane mai launin ja da rawaya da kore da baƙi, ya zagaya da shi gidajen dangi ana yi masa barka. Sarakuna da alƙalai kuwa sun daɗe suna buga hatimi a kan wasiƙunsu. Saboda haka, abubuwa biyun da za mu yi magana a kansu duk 'yan gida ne.

Mene Ne Fentin Ruwa?

Fentin ruwa haɗin abubuwa uku ne: garin launi, da ƙaro, da ruwa. Ƙaro shi ne yake riƙe launin a jikin takarda bayan ruwa ya bushe. Mai karatu zai lura cewa wannan shi ne ainihin haɗin tawadar allo, wato gawayi da ƙaro da ruwa, kuma dalilin da ya sa tawadar allo take wankuwa shi ne dalilin da ya sa busasshen fentin ruwa yake sake narkewa idan an taɓa shi da jiƙaƙƙen buroshi. Har gobe kamfanonin Turai da ke yin wannan fenti, irin su Winsor & Newton da aka kafa a Landan a 1832, da ƙaro suke haɗa shi. Sudan ce kan gaba wajen fitar da ƙaro zuwa kasuwannin duniya, Nijeriya ma tana fitarwa, musamman daga Borno da Yobe da Jigawa.

Wanda yake da hali yana iya sayen ɗan akwatin fenti irin na 'yan makaranta a shagon littattafai. Wanda kuma yake son haɗa nasa, sai ya jiƙa ƙaro awo ɗaya a ruwan ɗumi awo biyu, ya bar shi ya kwana, ya tace da ƙyalle mai tsabta, sannan ya ɗiga zuma kaɗan. Zumar tana hana fentin tsagewa idan ya bushe, amma idan ta yi yawa katin zai yi danƙo ya jawo kiyashi. Da wannan ruwan ƙaro ake kwaɓa kowane launi.

Launukan kuwa suna kicin da kasuwa. Kunkunniya ko gawayin da aka niƙa lukui suna ba da baƙi. Jar ƙasa da aka tankaɗe tana ba da ja mai duhu. Bular wanki tana ba da shuɗi, kurkum yana ba da rawaya, lalle da goro suna ba da ruwan ƙasa, karan dafi kuma, wanda dukawa ke rina fata da shi, yana ba da ja. Zoɓo yana da wani abin mamaki: idan an ɗiga masa lemon tsami sai jansa ya ƙara haske, idan kuma an sa masa ruwan kanwa sai ya juya zuwa shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Sai dai a sani cewa zoɓo da kurkum suna koɗewa idan rana ta daɗe tana dukansu, alhali gawayi da jar ƙasa da bula suna daɗewa ƙwarai.

Sassaƙa Hatimi

Amfanin hatimi shi ne a sassaƙa zane sau ɗaya a buga shi sau ɗari. Mutanen Ntonso, kusa da Kumasi a Gana, da guntayen ƙwarya suke sassaƙa hatiman da suke buga wa tufafin adinkira. Mu a yankin Gurara, ƙasar doya ce, kuma yankin doya ko dankali ko rogo yana yin hatimi mai kyau, illa dai ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu sai ya yanƙwane. Wanda yake son mai ƙarko sai ya nemi abin goge fensir, ko tafin tsohon silifa, ko guntun ƙwarya. Akwai ma hatimin da Allah ya riga ya sassaƙa: a yanka ɗanyar kuɓewa a tsakiya a dangwala, za a ga fure ya fito tsaf. Bayan ganye ma, inda jijiyoyi suka fi tashi, yana fitar da zane mai kyau.

Ana fara zana abin da ake so da fensir a kan fuskar hatimin, sannan a bi gefen zanen da reza ko ƙaramar wuƙa a ƙwaƙule duk inda ba a son tawada ta taɓa. Wurin da aka bari a tashe shi ne zai fito a takarda. A riƙa tura wuƙar gaba, nesa da yatsu. Babbar ƙa'ida a nan ita ce hatimi yana juya zane kamar madubi, don haka rubutu, na boko ne ko na ajami, a juye ake sassaƙa shi. Hanya mai sauƙi ita ce a rubuta kalmar a takarda da fensir mai duhu, a kife ta a kan robar a murza bayanta da farce, sai rubutun ya hau a juye da kansa. A kula da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, domin sirara ce, tana saurin guntulewa.

Me za a zana? Akwai dagin arewa, da jinjirin wata, da zankwayen soron gidan gargajiya. A yankinmu akwai Dutsen Zuma, wanda hotonsa ya hau bayan takardar naira 100 da aka fitar a 1999, akwai kuma gangarar ruwan Gurara. Haka nan akwai darasi a tukwanen Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta garin Abuja na da, wato Sulejar yanzu, a 1954, ta rasu a 1984, kuma hotonta ke bayan naira 20. Ƙadangare da kifi da kunama da tsuntsayen da take zanawa a jikin tukwane da layuka kaɗan take fitar da su, kuma irin wannan zane marar tarkace shi ne ya fi dacewa da hatimi.

Matakan Haɗa Katin

Da farko a nemi takarda mai kauri. Ta musamman ta fentin ruwa, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, ita ce ta fi, amma farin kwali marar sheƙi ma yana yi. Kwali mai santsi ba ya shan ruwa, takardar littafin rubutu kuma tanƙwarewa take yi. Idan aka raba takardar A4 biyu, aka ninke kowane rabi, an sami kati biyu masu faɗin milimita 105 da tsawon 148, waɗanda suke shiga ambulan mai lamba C6 daidai. Kafin a ninke, a ja layi da bayan wuƙa a bin rula don kada kwalin ya karye.

Na biyu, a manne gefunan takardar a kan katako ko faranti da salatif mai sauƙin ɓarewa. Wannan yana rage tanƙwarewa, kuma idan an cire shi yana barin farin gefe mai kyau.

Na uku, a shafa launi. Dabaru biyu ne manya. Idan an fara jiƙa takardar da ruwa zalla sannan aka ɗiga launi, sai ya bazu da kansa ya shiga ɗan'uwansa, wannan shi ya dace da sararin sama ko faɗuwar rana. Idan kuma a busasshiyar takarda aka shafa, bakin zanen yana fita sarai, wannan shi ya dace da dutse ko ganye. A kowane hali da launi mai haske ake farawa, a bari ya bushe, sannan a ɗora mai duhu, domin mai haske ba ya rufe mai duhu. Fari kuwa takardar ce da kanta, sai a bar wurinsa ba a taɓa ba. Mai son zana farin kumfar ruwan Gurara sai ya goga kyandir a wurin kafin ya shafa launi, fenti ba zai kama inda kakin yake ba. Idan aka barbaɗa gishiri a kan launi tun yana da danshi, yakan tsotse shi ya bar ɗigo-ɗigo kamar taurari, bayan ya bushe sai a kakkaɓe. Yanayi ma yana da tasiri: da hunturu takarda tana bushewa nan da nan, sai an yi hanzari, da damina kuwa sai an yi haƙuri.

Na huɗu, a buga hatimi, amma sai fentin ya bushe ƙarau. Tawadar hatimi irin ta ofis da wadda aka haɗa da ƙaro duk suna narkewa a ruwa, don haka idan aka buga kafin a yi fenti, zanen zai dame. A zuba tawada mai ɗan kauri a guntun soson katifa, a dangwala hatimin a kai, a gwada a wata takarda tukuna, sannan a danna a kan katin sau ɗaya a ɗaga sama ba tare da an murza ba. Daga ƙarshe a danne katin da manyan littattafai ya kwana.

Abin da Za a Rubuta

Nan ne ɗalibin Hausa ya fi kowa jari. Harshenmu yana da gaisuwa ga kowane hali: barka da Sallah, barka da shan ruwa, barka da arziki, Allah ya raya, Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya ba da sa'a, sannu da jiki. A dubi matsayin wanda za a ba katin. Abin da za ka rubuta wa abokin wasa daban yake da na Baba ko Inna ko malaminka, wanda za ka fara da "Allah ya gafarta Malam". Kakar da ba ta yi boko ba a rubuta mata da ajami. Ina kuma ba da shawarar kada a sa ayar Alƙur'ani a kati, domin ba a san inda zai ƙare ba bayan shekaru.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa fentin ruwa ɗan'uwan tawadar allo ne, hatimi kuma doya ko tsohon silifa sun isa a yi shi. Ɗalibin da ya iya wannan aiki yana da abin yi a lokacin hutu, domin hatimi ɗaya zai buga katunan suna ko na biki masu yawa, kuma mai neman kati da ingantacciyar Hausa ba shi da wurin zuwa da yawa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Idan karatu ya hana ƙafa zuwa gida ranar Sallah, katin da hannu ya yi shi ne ya fi kusa da zuwan. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da kowa ya gwada ko guda ɗaya kafin Sallah mai zuwa, ya fara da mahaifansa. Allah ya sa mu dace, amin.