Zaɓen Katako Don Rumfa Da Shinge

Duk wanda ya yi niyyar kafa rumfa, ko shinge, ko dandamalin katako a tsakar gida, ya kamata ya san abokan gabansa biyu, watau gara da danshi. Danshi shi ne ke ruɓar da itace, gara kuwa ta ƙasa take shigowa, tana cin ciki ta bar baya lafiya lau. Saboda haka dirkar da aka binne ita ce ke fara lalacewa, daidai inda ta haɗu da ƙasa.

Akwai itatuwan da Allah ya yi su da ƙarko, kamar ƙirya, da tik, da azarar giginya, musamman ta namiji. Amma a ƙirya da tik, jan cikin nan shi ne mai ƙarko. Farin da ke bin ɓawo abincin gara ne, kome sunan itacen.

Sauran itatuwa, irin su turare, sai an yi musu magani. Hanya biyu ce. Ta farko, a shafa da buroshi, kamar yadda kafintoci ke yi da Solignum. Wannan iyakarsa fatar katako, ya dace da abin da ke sama cikin inuwa. Ta biyu, a busar da katakon, a sa shi cikin tukunyar ƙarfe, inji ya tura maganin ciki da ƙarfi. Irin wannan ake nema domin dirka da duk abin da zai taɓa ƙasa.

Mai saye ya roƙi a yanka masa guntu, ya duba. Idan launin magani bai wuce baki-baki ba, to, shafe ne kurum. Inda zarto ya yanka kuma, a sake shafawa kafin a kafa.

Sai dai a yi hattara. Katako mai kore-kore sau da yawa maganin CCA ne a jikinsa, wanda ke ɗauke da gubar asinik. Tun ƙarshen 2003 Amurka ta daina sa shi a katakon gidaje da wuraren wasan yara. Kada a hura wuta da guntayensa, kada a yi akushi ko kwamin dabbobi da shi, gama hayaƙinsa da tokarsa guba ne.

Wanda ya kiyaye waɗannan ya huta da sake dirka kowace damina.