Ɗaga Ɗaki Ya Fi Ƙarfin Ruwa: Yadda Za a Tsara Aikin da Lissafin Kuɗinsa

Kowace damina, musamman a watan Agusta da farkon Satumba, ofishinmu yakan sami rahoton ɗakunan da suka zube a ƙauyukan Boɗinga da Shagari. Mutum ya yi asarar ɗaki, hatsi ya jiƙe, wani lokaci har da rai. Tabarma da bargon da muke rabawa bayan ɓarna ba sa tsayar da bango. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu yi bayani a kan ɗaga ɗaki: abin da ake nufi da shi, hanyoyin yinsa, da abin da zai ci.

Me ya sa ɗaki yake faɗuwa?

Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Ruwan da ya kwanta a tsakar gida, ko wanda yake zuba daga indararo yana fantsama, shi ne yake jiƙa gindin bango. Ƙasa tana shan ruwa kamar yadda lagwani yake shan kananzir, danshi ya yi ta hawa. In gindin ya yi laushi, nauyin azara da ƙasar rufi sai su danne shi, ɗaki ya zauna gaba ɗaya, sau da yawa cikin dare.

Waɗanda suke kusa da fadama ko bakin madatsar ruwa ta Shagari suna da ƙarin damuwa, domin ruwa yakan shigo har cikin gida. Ba mu manta da ambaliyar Satumba 2010 ba, lokacin da Gulbin Rima ya cika ya batse, ya ci garuruwa a yankunan Goronyo da Wurno da Kware, har ya yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A 2022 kuma ambaliya ta hallaka mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu.

Me ake nufi da ɗaga gida?

A Amurka, inda gidaje da yawa na katako ne, akan sa jak da manyan ƙarafa a cira gida ɗungum, a gina sabon harsashi a ƙarƙashinsa, sannan a sauke shi a kai. An yi haka sosai a birnin New Orleans bayan guguwar Katrina ta 2005. Ginin ƙasa ko na bulo irin namu ba ya jure wannan. Da an taɓa shi zai tsage. A Bangaladash kuwa, mazauna tsibiran kogi suna tara ƙasa su yi tudu, su ɗora gida a kai, kimanin ƙafa 2 sama da inda ambaliya mafi girma ta taɓa kaiwa. Wannan ya fi kusa da halinmu.

Dabarar ma ba baƙuwa ba ce. Ku dubi rumbu: iyayenmu ba su taɓa ajiye shi a ƙasa ba, a kan duwatsu suke ɗora shi, ruwa ya wuce ta ƙarƙashi, kaji su sha inuwa. Abin da muka yi wa gero shi ne za mu yi wa 'ya'yanmu.

Fara da awo

Kafin a sayi ko buhu ɗaya na siminti, a nemi alamar ruwa. A tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa, a duba tabon da ya bari a katanga ko a jikin itace. A kafa turke a sa alama, a ƙara aƙalla ƙafa 1, in da hali ƙafa 2. Nan ne daɓen ɗaki zai tsaya. Idan alamar ta kai ƙugun babba, ɗaga ɗaki ba zai wadatar ba. Gara a je wurin mai unguwa ko hakimi a nemi fili a kan tudu.

Hanyoyi huɗu

1. Yi wa gindin bango riga. Wannan na ɗakin da yake da lafiya ne, kuma ruwa ba ya shiga cikinsa. A gina layi 2 ko 3 na bulo ko dutse a zagaye gindin bangon ta waje, a yi masa dakali mai gangara domin ruwa ya gudu nesa. Ita ce mafi araha.

2. Gina harsashi a ƙarƙashin tsohon bango. Ana tone gindin bango kaɗan kaɗan a cusa kankare ko dutse. Akwai haɗari ƙwarai. Kada a tone fiye da ƙafa 3 a lokaci guda, a riƙa tsallake wuri, kuma sai wanda aka zuba ya yi ƙarfi kafin a taɓa na kusa da shi. A tokare rufin, a kwashe mutane da kaya, a yi shi da rani kawai, da birkilan da ya taɓa yin irinsa. Bangon da ya tsage ko ya karkata ba a yi masa wannan aiki.

3. Cire rufi, ƙara tsayi, cike ciki. Ya dace da ginin bulo mai rufin kwano. Kafinta ya cire kwano da katako a hankali, a ƙara layi 2 ko 3 a sama, a ɗaga ƙofa da taga, a yi ciko a sake daɓe. Amma kada a zuba ciko a cikin ɗakin ƙasa haka kawai: cikon zai riƙe danshi a jikin bango, kuma zai riƙa tura shi waje.

4. Sabon harsashi mai tsayi. A rushe ɗakin, a ajiye kwano da azara da ƙofa, a gina harsashin bulo, a ɗora tubalin ƙasa a kai. Wanda yake da rufin kwano yana iya kafa ginshiƙai masu tsayi ya fara ɗora rufin, sannan ya yi ta gini a ƙarƙashinsa gwargwadon ƙarfinsa. Majami'u da yawa a ƙauye haka suka fara: rumfa tukuna, bango daga baya. Ga ginin ƙasa wanda ruwa ya riga ya taɓa, wannan hanya ta huɗu ita muke ba da shawara.

Lissafin ɗaki ɗaya

Mu ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, a kan hanya ta huɗu. Harsashi layi 5 ne na bulo mai inci 9: layi 2 a cikin ƙasa, layi 3 a sama, wato ƙafa 2 da 'yan kai sama da ƙasa.

Bulo: kowane layi yana cin kimanin 34. Layi 5 ya zama 170. A ƙara 10 saboda fashewa, 180 ke nan.

Simintin buga bulo: buhu 6. Kada buhu ɗaya ya wuce bulo 30 zuwa 35. Bulon da aka ja siminti ya kai 50 ba ya jure zama cikin ruwa. Ko da hannu kana iya marmashe gefensa.

Kankaren ƙasan rami, faɗin ƙafa 2, kaurin inci 6: buhu 6 zuwa 7. Buhu ɗaya kwanon sarki 2 ne. A haɗa shi da kwano 6 na yashi da kwano 12 na tsakuwa.

Jera bulo: buhu 4. Cike ramukan bulo da kankare mara nauyi: buhu 3. Daɓe mai kaurin inci 3: buhu 4 zuwa 5. Filastar waje: buhu 2.

Jimla: buhu 25 zuwa 27.

Ciko: baro 140 zuwa 150 na jan ƙasa. A zuba inci 6, a yayyafa ruwa, a daka, sannan a ƙara wani. Kada a yi ciko da bola ko ƙasar juji, domin za ta lotsa daɓe ya fashe.

Leda mai kauri: a shimfiɗa a kan ciko kafin daɓe, a kuma sa a saman layin bulo na ƙarshe kafin a ɗora tubali. Kuɗinta kaɗan ne, amma ita ce take tare danshi.

Sauran su ne yashi, tsakuwa, ruwa, kuɗin dako, ƙusa, kwanon da zai maye wanda ya huje, maganin gara ga katako, da ladan birkila da kafinta.

Mun yi lissafin da buhu ne domin farashi ba ya zama wuri ɗaya. Ko da yake kamfanin BUA yana yin siminti a Kalambaina, nan kusa da mu, a farkon 2024 buhu ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, har a watan Fabrairu gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanoni aka amince da Naira 7,000 zuwa 8,000. Saboda haka ku tambayi farashin ranar, ku ninka. Misali, in buhu Naira 10,000 ne, buhu 26 ya kama Naira 260,000. Bayan kun haɗa komai, ku ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda abin da ba a zata ba. Inda akwai dutse kusa, yin harsashi da shi zai rage kuɗin bulo sosai.

Lokacin aiki

Nuwamba da Disamba: bayan girbi a yi lissafi, a tara yashi da tsakuwa da jan ƙasa, a buga bulo. A shayar da bulo safe da yamma har kwana 7 aƙalla, a rufe shi, gama iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya kama.

Janairu da Fabrairu: tono, kankare, harsashi da ciko. A bar cikon ya zauna 'yan makonni.

Maris da Afrilu: bango da rufi. A ɗaure katakon rufi da waya ko ƙarfe a jikin gini, saboda iskar bazara mai yaye kwano. Rufin ya zarce bango da ƙafa 2.

Siminti ba ya son ajiya. In ya daɗe yakan daskare. A saye shi kusa da lokacin aiki, a ɗora a kan katako. Kuma a shirya tun farko inda iyali za su kwana har aikin ya ƙare.

Abubuwan da ake mantawa

Na farko, maƙwabci. Ruwan da ka kora daga gidanka wani wuri zai je. In ka tura shi gidan maƙwabcinka, Kirista ne ko Musulmi, ka sayi rigima, ka kuma ɓata shaidarka. Ku zauna tare da mai unguwa ku fitar da magudana ɗaya.

Na biyu, masai da rijiya. A ɗaga bakinsu su ma. Masai ya yi nisan mita 30 daga rijiya, ta gefen gangare. Ruwan masai da ya shiga rijiya shi ne mafarin amai da gudawa.

Na uku, matakala. A yi ta da faɗi, marar tsayi, saboda tsofaffi da yara da masu juna biyu.

Ina za a sami kuɗin?

A cikin Luka sura 14 Ubangijinmu ya koyar da cewa mai niyyar gini ya fara zama ya yi lissafi. Kada a rushe ɗaki sai kayan harsashi sun cika a ƙasa. Kada a sayar da hatsin ci ko iri domin siminti, kada kuma a ci bashi mai ruwa. Ba dole ne a ɗaga gida duka a shekara ɗaya ba. A fara da ɗaki ɗaya, inda mata da yara za su fake, a kuma ajiye hatsi da takardu. Sauran su biyo baya.

Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, ikilisiya za ta iya. Matasa su yi gayyar tono da ciko da ɗiban ruwa, wannan kaɗai ya kawar da kuɗin lebura. Zumuntar Mata tana iya kafa adashin siminti. Gidaje 5 ko 6 su haɗa kuɗin tifa ɗaya, su sayi abin buga bulo guda su riƙa karɓa-karɓa. Muna roƙon fastoci da dattawa su zaga gidajen membobi kafin Kirsimeti, su rubuta ɗakunan da gindinsu ya ci, su sa na gwauraye da marayu da tsofaffi a gaba. A kuma riƙa sauraron hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon shekara ta rediyo.

Ikilisiyar da take son a taya ta awo da lissafi ta aiko da saƙo ta hannun fastonta, ma'aikatanmu za su zo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare gidajenmu. Amin.