Daga Agadas Zuwa Bilma Ta Cikin Tenere

Motar da za ta Bilma takan bar Agadas tun da asuba, kafin rana ta haska hasumiyar masallacin nan ta laka mai tsawon mita 27. Rabin kayanta ruwa ne da mai. Da ta nausa gabas, ta bar duwatsun Azbin a hagu, sai hanya ta ɓace, a shiga Tenere: rairayi iya ganin ido, da rana ƙuna, da dare sanyi mai hana barci.

A irin wannan fili, wanda ya kuskure alama ƙishirwa ce ajalinsa. Shekara da shekaru wata bishiyar ƙaya, ita kaɗai tal, ita ce madogarar madugan ayarin gishiri, ba mai karya reshenta don hura wuta. Da aka haƙa rijiya kusa da ita, sai aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30. Amma a 1973, duk faɗin dajin nan, wani direban babbar mota bai sami abin bankewa ba sai ita! Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai. Ta ƙarfe ce matafiyi zai tarar a gurbinta, kafin ya doshi Fachi da dabinon Bilma.